'Yar Kwamfutar da Malam Yake Magana da Ita

A aljihun rigar maigidana na'urar ta shigo gidanmu, wata yamma da ya dawo daga Watari. A shekarun nan malamin gona ne, yana aiki da manoman rani a gefen dam ɗin da ke can, sai ƙarshen mako yake hawo babur ɗinsa ya dawo ƙauyenmu da ke kusa da Ɗambatta. Ni kuma ina koyarwa a firamaren garin. Shi ya sa yake kirana Malama, ni ma nake kiransa Malam, har 'ya'yanmu suka taso suna tsokanarmu wai gidanmu makaranta ce da malamai suka fi ɗalibai yawan magana.

Ya zauna a tabarma, ya sha ruwa, sannan ya zaro wani abu baƙi mai kama da gidan tabarau, sai dai ya ɗan fi shi faɗi da nauyi. Ya ɗora a tafin hannunsa ya miƙo min.

"Malama, canki mene ne wannan."

"Tabarau ka sake?"

"Kwamfuta ce."

Dariya na yi. Kwamfuta guda na taɓa gani a lokacin, a wani ofishi a Kano. Ta cinye rabin tebur, an lulluɓe ta da ƙyalle, kuma ba a shiga ɗakin da takalmi. Ban ga yadda za a yi wannan abu ya shiga aljihun riga ba.

Ya buɗe ta kamar yadda ake buɗe littafi a kwance. Rabin sama gilashi ne dogo, launin toka mai ɗan ratsin kore, irin na kalkuleta. Rabin ƙasa kuwa maɓallai ne ƙanana kamar ƙwayar wake, an jera su yadda ake jera na tafireta. Ya juya bayanta ya nuna min inda ake saka batir biyu, ƙananan nan irin na 'yar rediyonmu. Akwai kuma wata 'yar ƙofa a gefe da ke ɓoye wani batir fale-fale mai kama da kwabo. Ya ce wannan shi ne mai gadi: idan aka cire manyan za a canja, shi yake riƙe duk abin da aka rubuta kada ya goge. A ɗaya gefen akwai wata tsaga da ake zura kati mai girman katin shaida, don ƙarin wurin ajiya, sai wata kafa ta waya da ake haɗa ta da babbar kwamfutar ofis. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wata 'yar taga ja-ja-ja a kusurwa. Wai idan aka ajiye irinta biyu suna kallon juna, sai ɗaya ta miƙa wa ɗaya rubutu ta wannan tagar, babu waya babu komai.

Wasu baƙi ne daga ƙasar waje suka kawo su, tare da mutanen ofishinsu na Kano, suna binciken yadda ake raba ruwa a gonakin rani da abin da kowace gona take bayarwa. Takarda tana jiƙewa a bakin kwata, ga shi babu lantarki a cikin gonaki, don haka suka raba wa malaman gona waɗannan. Malam mutum ne mai son bayani, ko ba a tambaye shi ba. Ya ce da farko kalkuleta ce kawai take shiga aljihu. Daga nan aka yi wasu da suke riƙe sunaye da lambobin tarho, gilashinsu layi ɗaya ko biyu. Ita wannan kuwa, masu ƙera ta sun ɗauki aikin babbar kwamfutar tebur ne suka matse shi har ya zauna a tafin hannu, shi ya sa ma ake ce mata ta tafin hannu. Ana rubuta wasiƙa a cikinta, ana lissafi, tana da agogo da kalanda.

Na ce, "To, Allah ya sa ta amfane ka. Ga tuwo nan yana hucewa."

Iyakar ruwana da ita ke nan a wancan lokacin. Yakan zauna da safe a bakin ƙofar ɗaki yana latse-latse da manyan yatsunsa biyu, ni ina harhaɗa littattafan yara.

Da aikin binciken ya ƙare baƙin suka tafi, aka bar wa kowa tasa. Ya ci gaba da amfani da ita na wasu shekaru. Sai wayar hannu ta zo, hankalin kowa ya koma can. Wata rana ya cire mata batir, domin mutum ne mai kula da kaya, ya naɗe ta a cikin wata tsohuwar hula ya saka a ƙasan akwati. Ba a daɗe ba ya yi ritaya, ya dawo ya kama gonar gadonsu shi da ƙanensa. A wajenmu gona tana manne da gona, ba a barin ko taku ɗaya ya huta, sai layin gamba ko lalle ne yake nuna inda taka ta ƙare. Suna noma gero da dawa, su ratsa wake da gyaɗa a tsakani, da rani jakuna su yi ta kai taki. Ban taɓa ganin Malam cikin kwanciyar hankali kamar a shekarun nan ba.

A wannan gonar ya faɗi, ana tsakiyar noman farko. Ƙanensa ne ya ɗauko shi a amalanke zuwa bakin titi, daga nan mota ta kai mu Ɗambatta, daga Ɗambatta aka tura mu Kano. Hawan jini ne ya shanye masa ɓarin dama. Mun yi makonni a asibiti. Ranar da za a sallame mu, likitar da take duba shi, wata yarinya mai sanyin murya, ta ja ni gefe.

"Mama, hankalin Baba ƙalau yake," in ji ta. "Yana jin duk abin da ake faɗa, kuma maganar tana nan a kansa. Harshen ne da leɓen suka ƙi bin umarni. Don Allah kada ku riƙa yin magana a kansa kamar ba ya wurin."

Na ce to. Amma da muka dawo gida, abin da aka yi ta yi ke nan. 'Yan dubiya su shigo, su durƙusa a gabansa, sannan su juyo wajena su ce, "Ya mai jiki? Ya ci wani abu kuwa?" Wasu su ɗaga murya kamar kurma ne. Shi kuma yana zaune a jingine da filo, idonsa yana bin bakin kowa. Idan ya yi ƙoƙarin amsawa sai wata ƙara ta fito daga maƙogwaronsa, mutane su sunkuyar da kai su ce Allah ya sawwaƙe. Mutumin da a da ba ya gajiya da bayani, sai ya koma rufe ido da zarar ya ji sallama.

Mun gwada takarda da biro. Hannun hagu bai saba ba, rubutun ya fito kamar sawun tururuwa, ni da na yi shekaru ina karanta rubutun 'yan aji ɗaya na kasa gane shi. Na kawo allo da alli daga makaranta. Wannan ya ɗan fi, amma kafin ya gama kalma guda ya gaji, allon yana zamewa daga cinyarsa. Ran nan ya yi jifa da allin har ya bugi bango. Na tsince guntayen.

Wata safiya bayan an yi girbin gero, ina share ɗaki, sai ya buga tabarma da hannu ya nuna akwati. Na buɗe. Na ɗago babbar riga, ya girgiza kai. Na ɗago takardunsa na aiki, ya girgiza kai. Haka na yi ta fito da kaya har na iso ƙasa, hannuna ya taɓa tsohuwar hular nan da wani abu mai tauri a ciki. Sai ya gyaɗa kai da ƙarfi.

Na cire batir daga rediyo na saka mata. Ban yi zaton za ta tashi ba bayan wannan doguwar kwanciya, amma sai ta yi 'yar ƙara, baƙin rubutu ya bayyana a gilashin yana tambayar kwanan wata da Turanci. Batirin nan mai kama da kwabo ya daɗe da mutuwa, duk lissafin Watari ya goge, ta dawo fayau kamar sabuwa. Malam bai damu da wannan ba. Ya ɗora ta a cinyarsa, ya tokare ta da mataccen hannunsa, ya fara neman haruffa da ɗan yatsan hagu, ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe. Sannan ya juyo min da ita.

Ya rubuta: sannu malama.

Na zauna a ƙasa da tsintsiyar a hannuna. Na karanta na sake karantawa. Ban san lokacin da hawaye suka zubo ba. Ya ja na'urar ya ci gaba da latsawa, ina jira, ina tsammanin wata babbar magana ce da ya daɗe yana riƙewa. Ya sake juyo ta.

Ya rubuta: miya ba gishiri.

Na ce, "Likita ce ta hana, Malam."

Ya rubuta: na sani. ina dai fada ne.

Ranar na yi dariya har cikina ya ƙulle, shi ma rabin bakinsa mai motsi ya yi tasa dariyar.

Daga nan muka shiga koyon wannan sabuwar hira. Matsala ta farko ita ce waɗanda suka ƙera na'urar ba su san da haruffanmu masu lanƙwasa ba. Wata rana na ba shi kunu ya shanye, sai ya rubuta: kara. Na tashi na fita bayan ɗaki na karyo masa karan dawa mai kyau, a tunanina susar baya zai yi da shi. Ya dubi karan, ya dube ni, ya ɗaga kofin ya kife shi a tabarma. Ashe ƙara yake nufi, ƙarin kunu yake so. Bayan wannan sai ya fito da dabara: duk harafin da ya kamata ya lanƙwashe zai rubuta shi babba. Cikin ɗan lokaci idona ya saba, har na daina lura.

Matsala ta biyu ita ce gilashin ba shi da fitila a ciki kamar na wayoyin yanzu. Sai da hasken gari ake ganin rubutun, don haka hirar Malam ta zama ta rana. Wannan ne ma ya fito da shi daga ɗaki. Da hantsi sai a kama shi a kai shi ƙarƙashin darbejiyar da ke ƙofar zaure, inda haske ya isa amma rana ba ta duka. Domin ita ma rana ba ta so. Akwai ranar da barci ya ɗauke shi, inuwa ta gusa ta bar na'urar a buɗe, da na zo na tarar gilashin ya yi baƙi ƙirin daga wannan gefe zuwa wancan. Na ce shi ke nan ta ƙone. Malam ya farka ya nuna min gindin randa. Na ajiye ta a kan ƙasar nan mai sanyi, ina tsaye a kanta, sai baƙin ya fara janyewa a hankali har ta dawo yadda take.

Batir kuwa ba ta da ci. Biyu sukan kai mu makonni, kuma ana samun su a kowane teburin mai kayan masarufi. Sai dai na koyi guje wa masu arhar nan da suke zubar da farin gari su cinye ƙarfe. Shi kuma mai gadin, batirin nan mai kama da kwabo, a wurin wani mai gyaran agogo na samo shi ranar kasuwar Ɗambatta.

Abin da ya dawo wa Malam da matsayinsa a gida kuwa maganar gawo ce. Akwai wani tsohon gawo a tsakiyar gonarsu, tun zamanin kakansu. Kowane manomi ya san geron da ke ƙarƙashin gawo ya fi na ko'ina, domin da damina yake zubar da ganye ya bar wa shuka rana, ganyen kuma ya zama taki. Amma ƙanen Malam ya samu masu sayen itace, kuma yana so ya riƙa kawo tarakta, ita kuwa bishiyar tana tare hanya. Ya riga ya gama magana da su. Da ya shigo gidan ma ni ya zo gaya wa, a tsaye, Malam yana zaune a gefe.

"Na ce bari in sanar da ke, tunda Yaya ba lafiya, kada a ɗora masa damuwa."

Sai na ji maɓallai suna ƙara. Ban taɓa ganin yatsan Malam yana sauri haka ba. Ya gama ya turo min, domin ƙanen nasa karatun boko bai zauna masa sosai ba. Na duba abin da ya rubuta, na ji nauyin faɗarsa. Mutumin nan shi ya ɗauko shi daga gona, shi yake riƙe da noman gidan gaba ɗaya.

Na ce, "Malam ya ce a ɗan dakata da maganar gawon, a sake shawara."

Malam ya bugi tabarma har ƙura ta tashi. Ya fizgi na'urar ya ƙara layi ɗaya: karanta yadda na rubuta.

Na gyara murya na karanta. "Ya ce, gaya masa ban mutu ba tukuna. Ya ce kai ba ka da hankali ne, za ka sayar da abin da yake ciyar da gonar don kwana biyu na tarakta. Ya ce idan gatari ya taɓa gawon nan kada ka ƙara taka masa gida."

Ƙanen ya daɗe yana kallon yayansa. Sai ya cire hula, ya durƙusa a bakin tabarmar, yana dariya idonsa yana kawo ruwa.

"Wallahi Yaya ne," in ji shi. "Rabon da a wanke ni haka tun kafin damina. Yaya, ka yi haƙuri. Ba za a taɓa shi ba."

Daga ranar bai ƙara kawo min maganar gona ba. Yakan zauna a gaban Malam ya faɗi abin da ake ciki, ni kuma in karanta amsa, kuma ban sake rage wa maganar kaifi ba, ko da ta yi zafi. Labari ya bazu cewa malamin gona ya dawo bakin aiki. Manoma suka koma tsayawa a gindin darbejiya, wannan da ganyen wake da tsutsa ta ci, wancan da tumatirin da ya ruɓe ta ƙasa. Wanda ya iya karatu a cikinsu sai ya karanta wa sauran. Wani lokaci ina cikin gida sai in ji an fashe da dariya a waje, in san Malam ya rubuta wata tsiyar.

Mun yi shekaru a haka, har ni ma na yi ritaya. Ƙafarsa ta ɗan saki, yana iya takawa da sanda. Bakin ma ya dawo da 'yan kalmomi, yana amsa sallama, yana cewa to, yana cewa amin. Amma doguwar magana sai da na'urar.

Ita ma tsufa ya fara kama ta. Da farko gaɓar da murfin yake lanƙwasawa ce ta tsage, na ɗaure ta da salatif. Sai wasu fararen layuka suka fara ratsa gilashin suna yanke haruffa, sai an danne kusurwa da yatsa rubutun yake cika. Wata safiya ya buɗe ta, ta yi 'yar ƙararta kamar kullum, amma gilashin babu komai.

Babbar 'yarmu da take aure a Kano ta zo da waya mai shafawa, ta ce ai wannan ta fi waccan sau dubu. Gaskiyarta ne ta wani fannin, har haruffanmu masu lanƙwasa akwai a ciki. Amma yatsan Malam yana rawa, gilashin kuma santsi ne da shi, babu tudun maɓalli da zai dafa ya tabbatar kafin ya danna. Ya nufi harafi ɗaya sai biyu su fito. Ga ta da shisshigi, ya rubuta kalmar Hausa sai ta mayar masa da ta Turanci. Kullum kuma sai an kai ta shagon caji. Muka gwada ƙaramar waya mai maɓallai, ita kuma sai an danna wuri ɗaya sau da yawa kafin harafi ya fito. Ya ajiye su duka biyun. Ya daina cewa a fitar da shi gindin darbejiya.

Na naɗe na'urar a gefen mayafina na hau motar Kano daga Ɗambatta. 'Yar tamu ta raka ni kasuwar masu gyaran waya. Samarin wurin suka yi ta miƙa wa juna ita, suna buɗewa suna rufewa, wani har hoto ya ɗauka. Ɗaya ya ce, "Mama, wannan ai ta girme ni." Amma yaran kirki ne, su suka kwatanta mana wani dattijo a can ƙarshen layi, mai gyaran rediyo da kalkuleta.

Dattijon ya karɓe ta da hannu biyu, ya ɗaga tabaransa ya duba.

"Ikon Allah. Hajiya, a ina kika samo wannan? Rabon da in ga irinta har na manta."

Ya kwance 'yan kusoshinta a kan farin ƙyalle, ya nuna min wata 'yar leda mai launin ruwan zuma, sirara kamar ɓawon albasa, da ta taso daga rabin ƙasa ta shiga rabin sama ta cikin gaɓar murfin. Ya ce a cikinta wayoyin da suke kai rubutu gilashi suke, kuma duk buɗewa da rufewa sai ta lanƙwashe, shekara da shekaru, har ta karye. Ƙwaƙwalwar lafiyarta ƙalau. Yana aiki yana ba ni labari. Ya ce a da manyan 'yan kasuwa ne suke shigo da su daga tafiya, ana yi musu kallon abin alfarma. Bayansu aka yi wasu marasa maɓallai, da ɗan tsinke ake rubutu a kan gilashin. Sai waya ta zo ta haɗiye aikinsu duka, kamfanonin suka daina yi, kayan gyaransu ma suka ɓace.

"Sai dai a samu 'yar'uwarta da ta mutu ta wani wajen, a ciro," in ji shi. "Ki bar min ita in bincika wurin masu gwanjon kayan lantarki."

Na riƙe gefen ƙyallen. Na ce, "Wannan ba kayan wasa ba ce. Bakin mijina ce."

Ya dakata ya dube ni, na ba shi labari a taƙaice. Sai ya tattara kusoshin a murfin kwalba, ya naɗe komai ya saka a aljihun rigarsa na ƙirji maimakon cikin kwali.

Na zauna a gidan 'yata ina jira. Bayan 'yan kwanaki ya kira. Ya samo wata a cikin tarkacen da ake saukewa daga ƙasashen Turai, batir ya zube a cikinta ya cinye ƙwaƙwalwar, amma rabin samanta garau. Ya ɗora wannan a kan tamu. Ya kuma ga haruffan maɓallanmu sun goge saboda yawan dannawa, sai ya musanya su da na waccan, waɗanda kamar ba a taɓa taɓa su ba.

Na iso gida bayan la'asar, da sauran haske. Malam yana kwance yana fuskantar bango. Na zauna a bakin gado na kwance gefen mayafi, na buɗe ta, ta yi ƙara. Ya juyo. Na taimaka masa ya tashi zaune, muka matsa bakin ƙofa. Ya shafa sabon gilashin da bayan yatsa, ya duba maɓallan da suka fito fes, ya fara latsawa. Ya juyo min da ita.

Ya rubuta: zauwa.

Na ce, "Zauwa kuma?"

Ya karɓa ya duba, ya ɗaure fuska, ya goge ya sake. Zauwa ta sake fitowa. Muka sunkuya mu biyu a kan maɓallan, sai can muka gano abin da ya faru: ashe yauwa yake son rubutawa. A ƙasar da waccan na'urar ta fito, wurin haruffa biyu a musanye yake da namu. Fuskar maɓallan tasu ce, ƙwaƙwalwar kuwa tamu ce, tana nan a kan abin da ta sani. Idan ya danna inda aka zana harafin farkon yauwa, sai na farkon zuwa ya fito. Na ce gobe sai in koma Kano a gyara. Ya girgiza kai, kafaɗarsa tana rawa don dariya, ya rubuta: a bar ta haka.

Washegari da hantsi ya sa aka kai shi gindin darbejiya. Kafin azahar mutane sun taru.

Malam ya ƙara shekaru masu dama bayan wannan, ya ga auren autarmu, ya ga jikoki. Ya rasu da damina, bayan gajeriyar rashin lafiya, gero yana fitar da kai. Kalmar nan kuwa ta zauna a gidan. Har yau idan na aiki jikata ta kawo min ruwa, ko ƙanen Malam ya shigo ya ce an gama kai taki gona, abin da yake fitowa daga bakina shi ne zauwa, kuma babu wanda yake gyara min.